Satumbar da na shiga kwamitin girki a makarantar Sista

Takardar ta zo ne a ambulan tare da sakamakon jarrabawar shiga ta 'yata Auta. Shafi biyu na farko jerin kaya ne: yadin yunifom, takalmi ruwan ƙasa, farar safa, littattafan rubutu, tsintsiya, da sauran tarkacen da duk uwar ɗan aji ɗaya ta sani. Shafi na uku ne ya tsayar da ni. An jera taruka huɗu da ake so iyayen sababbin ɗalibai su halarta kafin watan Satumba ya fita: tarbar sababbi ranar da aka koma, addu'ar buɗe shekara ranar Juma'a, taron iyaye da malamai, sai walimar iyalai a Asabar ta ƙarshen wata. A ƙasa, kusa da sa hannunta, Sista, mai hidimar cocin Katolika da ke shugabantar makarantar, ta ƙara layi ɗaya da biro: uwa ko uba za su zo, ban da aike.

Mu a Tudun Wada muke, makarantar kuwa tana ƙetaren kogi. Wanda ya san Kaduna ba sai na yi masa bayani ba. Tun rikicin shari'a na Fabrairun 2000, da wanda ya biyo baya a 2002, garin ya tsage gida biyu, Musulmi suka tattaru a arewacin kogi, Kirista suka koma kudu. Ina budurwa maƙwabtanmu 'yan Kagoro suka ɗaure kayansu a akori-kura suka tafi Sabon Tasha, matar gidan tana kuka, Innarmu tana kuka. Tun daga ranar, in ba wucewa zan yi zuwa Abuja ba, ba ni da abin da ke kai ni can.

Goggo ce ta kawo maganar makarantar, yayar mahaifina. Ita ta yi karatu a Queen of Apostles ta Kakuri, kafin gwamnati ta karɓe makarantun mishan a farkon shekarun 1970 ta mayar da ita Queen Amina, kamar yadda St. John's ta koma Kwalejin Rimi. Har ta yi ritaya daga aikin jinya ba ta daina yabon Sistocin da suka koyar da ita ba. Surukata kuwa da ta ji, ajiye carbinta ta yi ta dubi ɗanta. "Yanzu coci za ku kai mini jika?" Maigida ya ce, "Hajiya, makaranta ce, kuma jeka-ka-dawo ce, kullum a gabanki za ta kwana." Ba ta ce ta yarda ba, ba ta kuma hana ba. Da wannan shirun nata na fita ranar Litinin.

Shida da rabi muka bar gida, hadari ya haɗo ta gabas. Satumbar 2023 ce, wata uku da 'yan kwanaki bayan cire tallafin mai, lita ta haura naira 600, duk mai keken da ka tsayar sai ya fara ba ka labarin gidan mai kafin ya faɗi kuɗinsa. Sau biyu muka canza abin hawa. A kan gadar da ke kusa da filin wasa na Ahmadu Bello Auta ta leƙa tana kallon ruwa, kogin ya cika ya yi jawur. Ni lissafi nake yi a zuci: wannan hanyar, zuwa da dawowa, kwana biyar a mako, har shekara shida.

A bakin ƙofa manyan ɗalibai ne a tsaye da takardar sunaye. Kowace sabuwar yarinya an riga an ba ta yaya daga 'yan aji biyar, wadda za ta nuna mata aji da banɗaki da famfo, ta kuma amsa tambaya idan ƙanwar ta yi laifi a makon farko. Wata doguwar yarinya ta rusuna ta ce mini, "Sannu da zuwa, Mama," ta karɓi jakar Auta ta riƙe mata hannu. Ko waigowa Auta ba ta yi ba. Mu iyaye aka nuna mana babban ɗakin taro.

Na shiga a makare, bencina sun cika. Wata mata mai jiki, da zanen Zumuntar Mata Katolika, ta matsa ta buga benci da tafin hannu. "Hajiya, ga wuri." 'Yar asalin Zonkwa ce, a Narayi take zaune, tagwayenta mata aji ɗaya aka sa su da Auta. Kowa Maman Tagwaye yake ce mata, ni ma haka na kama.

Sista 'yar ƙaramar tsohuwa ce, daga gabas ta fito amma ta daɗe a Arewa, tana fara magana da Turanci sai ta ƙarasa da Hausa. Ba ta yi dogon jawabi ba. Allo ta sa aka kawo, wani malami ya rubuta sunayen unguwanni, Barnawa, Kakuri, Narayi, Sabon Tasha, Unguwar Rimi, Malali, Kawo, Tudun Wada, Rigasa, ta ce kowa ya tashi ya faɗi inda yake kwana, a ja layi a gaban unguwarsa. Da farko abin ya yi mini nauyi. A Kaduna ba a cika son faɗin unguwa a cikin baƙin fuskoki ba, domin unguwarka ita ce addininka. Amma da aka gama sai ga mu mutum biyar a ƙarƙashin Tudun Wada da Unguwar Sanusi, waɗanda ban taɓa sanin 'ya'yanmu makaranta ɗaya suka ci ba. Kafin mu fita ɗakin mun yi magana da mai keke ɗaya da zai riƙa kwasar yaran, ana biyansa a wata. Lissafin da na yi a kan gada ya ragu da fiye da rabi tun kafin azahar.

Sai takardar kwamitoci ta zagayo, na tsaro, na sufuri, na rumfa da kujeru, na girki. Na miƙa wa na gaba ban rubuta komai ba. Maman Tagwaye ta karɓo ta ta dawo da ita cinyata. Ta rage murya ta ce, "Hajiya, in babu Musulma a wurin girki, rabin mutanen nan ba za su ci naman ba, kuma kunya ba za ta bar su su faɗa ba. Shekarar da ta wuce haka muka kwashe abinci muka mayar." Gaskiya ta faɗa, domin ni kaina abin da na shirya yi ke nan, in karɓi lemo in ce na ƙoshi. Na rubuta sunana.

Juma'ar ce ta hana ni barci. Addu'ar buɗe shekara a wurinsu cikakkiyar ibada ce, Mas ɗin roƙon Ruhu Mai Tsarki, ba irin addu'ar buɗe taro da ake yi a minti biyu ba. Na yi ta juya abin: in je, ko in ce ba ni da lafiya? Abin da ya yanke mini shawara shi ne Auta za ta kasance a wurin ko na je ko ban je ba. Abin da 'yata za ta gani shekara shida, gara in gan shi da idona sau ɗaya, in san amsar da zan ba ta in ta tambaye ni.

A ɗakin taron aka yi, an kawo tebur an lulluɓe shi da farin ƙyalle, kyandir biyu a kai. An ware mana bencina biyu a baya kusa da ƙofa, mu iyaye Musulmi, yaranmu kuma a layin gabanmu. Kafin a fara Sista ta zo da kanta ta ce babu wanda za a sa ya durƙusa ko ya amsa wani abu, abin da take roƙo kawai shi ne shiru. Fada, limaminsu, ya shigo cikin jar riga, yara biyu a gabansa, ɗaya da gicciye, ɗaya da kaskon turare mai sarƙa. Maman Tagwaye ta gaya mini daga baya cewa jan alamar wuta ce, wadda a imaninsu Ruhu ya sauko da kamanninta a kan almajiran Annabi Isa. Waƙoƙin yawanci da Hausa aka yi su, da ganga da tulu da caki, irin Hausar kudancin Kaduna mai zaƙi a kunne. Na ji kalmomin da na saba ji a gidanmu, Ubangiji, gafara, albarka, salama, suna fitowa daga bakin da ban saba jin su ba.

Wurin da ya fi tsaya mini a rai shi ne lokacin baiko, wato miƙa kyauta ga Allah. Yara suka jero daga baya suna tafe a hankali, wannan da kwalin alli, wannan da littafin rajista, wata da taswirar duniya mai juyawa, wani da ƙwallo, wani ƙaramin yaro da tsintsiya a hannu biyu kamar ya ɗauko abin daraja. Bayansu sai masu dafa abinci, da direban motar makaranta, da Baba maigadi, dattijo Musulmi ɗan Zariya, wanda ya tsaya daga bakin ƙofa da hularsa aka kira sunansa tare da na malamai. Fada ya ce duk wanda yaro zai gamu da shi tsakanin ƙofa da aji malami ne, ya roƙa musu lafiya da haƙuri. Da aka zo gaisuwar salama, kowa ya juya yana miƙa wa na kusa da shi hannu. Matar da ke gabana ta juyo, ta ga hijabina, ta dafa ƙirjinta ta rusuna. Na dafa nawa. Lokacin karɓar gurasarsu kuma Fada ya sanar cewa na 'yan Katolika ne kawai, har sauran Kirista suka zauna tare da mu.

A keke muna komawa Auta ta ce, "Umma, mu ma za mu yi tamu addu'ar buɗe shekarar?" Daren nan bayan isha'i Hajiya ta tara jikokinta, aka karanta Fatiha da Ƙulhuwallahu, ta tofa a kan jakar makarantar Auta da littattafanta ɗaya bayan ɗaya.

Taron iyaye da malamai shi ne mai zafi, kuma ban ga laifin zafinsa ba. Awa ɗaya aka kwashe a kan ƙarin kuɗin motar makaranta, aka rabu a kan a biya shi kashi biyu. Maganar tsaro ba ta ɗauki lokaci ba, don babu mai musu. Babu wanda ya manta da ɗaliban makarantar Bethel Baptist da aka kwashe a Yulin 2021, nan bayan gari a ƙaramar hukumar Chikun. Aka amince a ƙara tsayin katangar baya, kowane gida ya kawo abin da zai iya, kuɗi ko bulo ko buhun siminti, a kuma ba kowace uwa kati mai hoton ɗanta wanda sai da shi za a saki yaro.

Sai wani Alhaji daga Malali ya miƙe ya kawo abin da ke cikin cikinmu duka. Yaranmu mata suna zuwa da hijabi har bakin ƙofa, su cire su cusa a jaka, su sa 'yar hular makaranta. Kuma ana tashi bayan biyu, azahar tana wucewa babu wurin yin ta. Ɗakin ya yi tsit. Wani mutum ya ce wanda ya kawo ɗansa makarantar mishan ya san dokarta tun kafin ya zo. Wani ya ambaci Ilori, inda a 2021 gwamnatin Kwara ta rufe makarantu goma a kan wannan rigimar, ya ce kada a jawo mana irinta. Murya ta fara tashi. Ni ban saba magana a gaban maza ba, amma na ji ƙafata ta miƙe da ni. Na ce ni ban zo canza wa kowa makarantarsa ba, na ga ibadarku ranar Juma'a, na ga yadda kuka ɗauke ta da girma, abin da nake roƙo shi ne 'yata ma kada ta koyi cewa sallarta abin ɓoyewa ce a jaka. Muryata tana rawa na zauna. Maman Tagwaye ta dafa gwiwata ba ta ce komai ba.

Sista ta ce maganar yunifom ba a hannunta kaɗai take ba, akwai hukumar da ke sama da ita, ba za ta yi alkawarin abin da ba ta da iko a kai ba. Amma wurin salla nata ne ta bayar. Akwai wani ɗan ɗaki kusa da laburare da ake tara karyayyun kujeru, ta ce in iyaye za su kwashe su share, ta ba da shi. Maganar hijabi har yau ba ta ƙare yadda nake so ba, an dai yarda da ƙaramin farin ɗankwali a ƙarƙashin hula, kuma ina nan ina sake tayar da ita duk shekara. Ɗakin kuwa Asabar ɗin da ta biyo muka share shi. Cikin waɗanda suka fi kowa ɗaukar kujeru har da mutumin da ya ce mun san doka kafin mu zo.

Walimar ta faɗo ranar 30 ga wata, jajibirin bikin 'yancin kai, kwana uku bayan hutun Mauludi. Ban gama wanke tukwanen gida ba na koma na makaranta. Mu goma sha ɗaya ne a kwamitin, Musulmi uku. Raguna biyu aka ce a saya, aka ɗora mini, don Zango, kasuwar dabbobi, a unguwarmu take. Maigida ya raka ni ranar Alhamis, ya yi ciniki har mai ragunan ya ce ya bar mana ribar don yara ne. Baba maigadi ya yanka su da asubahin Asabar a bayan kicin, ya fuskantar da su alƙibla, matan Zumunta suna tsaye nesa kaɗan da robobin ruwa suna jira. Na tambayi Maman Tagwaye tarihin tukwanen, ban ɓoye mata dalili ba. Ba ta ji haushi ba. Ta kai ni sito ta nuna mini manyan tukwane huɗu da aka yi wa alama da jan fenti a kunne, ta ce waɗannan na makaranta ne, ba a ara wa kowa, alade bai taɓa shiga cikinsu ba.

Abin da ba mu shirya masa ba shi ne ruwa. Daren Juma'a aka yi irin ruwan nan na bankwanan damina, mai iska, itacen da muka tara a fili ya jiƙe sharkaf. Mai rumfunan haya da ya ce bakwai zai zo bai iso ba sai wajen sha ɗaya. Muka tsuguna muna hura wuta hayaƙi yana cin idonmu, shinkafa buhu guda tana jira. Wata ƙaramar Sista ce ta tuna da karyayyun kujerun da muka fitar daga ɗakin salla, suna nan a jibge a ƙarƙashin baranda, a bushe ƙamas. Da su aka dafa dafa-dukan ranar.

Ni tanda uku na zo da su daga gida. Tun daren Alhamis na jiƙa shinkafar tuwo, Juma'a aka niƙo, na zuba yis na rufe ƙullun ya kwana ya tashi. Matan Narayi biyu suka zauna kusa da ni suna koyon juya waina da tsinke, ta farko ta fashe, ta biyu ta ƙone, ta uku ta fito da kyau har mai yin ta ta yi guɗa. Ni kuma Maman Tagwaye ta tsayar da ni a kan tukunyar faten acca. Na san acca a kunu, ban taɓa ganin yadda ake fatenta ba. Sai ruwan nama ya tafasa da gauta da albasa, a riƙa barbaɗa accar da hannun hagu ana juyawa da dama kada ta yi gudaji, yakuwa da alayyafo su shiga a ƙarshe. Ta ce a garinsu ba a tarbar baƙon kirki babu shi. Ta ɗebo a ludayi ta hura ta miƙo mini, kamar yadda Inna take yi mana muna yara.

Ƙarfe biyu aka fara rabo. Ba a zaunar da mutane unguwa-unguwa ba, aji-aji aka zauna, kowane iyali da iyalin yayar makarantar 'yarsu. Nan na ga iyayen doguwar yarinyar da ta karɓi jakar Auta, uban tsohon ma'aikacin masaƙar Kakuri ne, tun da aka rufe ta yake gyaran janareto. Shi da maigida suka ɓata awa guda suna lissafa 'yan ƙwallon Ranchers Bees na da. Yara suka yi rawar Bajju da ta Fulani da ta Tibi, Auta tana cikin masu tafi. Fada ya sa albarka a abinci, sannan ya miƙa wa Alhajin Malali lasifika ya yi bismilla. Na tsaya daga bayan rumfa ina kallon layin nama. Alhajin ya miƙa farantinsa, matarsa ta miƙa nata, Hajiyoyin Kawo suka biyo baya. Kafin la'asar ƙasan tukunya ake kankara.

Da za mu watse Maman Tagwaye ta cika mini wata shuɗiyar kula da ragowar faten, ta ce in kai wa Hajiya ta ɗanɗana. Na kai ina ɗar-ɗar. Hajiya ta tambayi wanda ya yi yankan, na gaya mata, ta tambayi wadda ta dafa, na ce da hannuna a ciki. Ta ci cokali biyu, ta ce yakuwar ta yi yawa, ta cinye sauran. Washegari ta ce kada in kuskura in mayar wa mutane kula babu komai, ta sa aka soya dambun nama aka cika ta. Auta ta kai makaranta ranar Talata, bayan hutu. Ranar Juma'a kular ta dawo da ɗanyar citta da gyaɗa, wai daga gonar kakar tagwaye. Da Kirsimeti ta zo da cincin, da Sallah ta koma da naman layya. Marfinta ya tsage a bara, maigida ya ɗaure shi da waya. Yanzu haka tana kan kantar kicin ɗina, Hajiya ta ce wannan karon alkaki za a zuba, ta kuma ce in tambayo mata ko ƙafar kakar tagwayen ta yi sauƙi.